Shin Ko Kun San? Inda Warin Masai Ke Ɓuya a Gidan Tafi-da-Gidanka

Shin ko kun san cewa a Amurka akwai mutane wajen miliyan 20 da ke kwana a gidajen da ba a inda suke tsaye aka gina su ba? A masana'anta ake harhaɗa su kamar mota, a ɗora a kan firam na ƙarfe mai tayoyi, babbar mota ta jawo su ta titi har filin da za a girke su. Can sai a jera bulo, a sauke gidan a kai, a kewaye gindinsa da fallayen roba ko na kwano, abin da su kansu ke kira siket. Gidan tirela suke ce masa a bakin titi. Mu da muka saba da kotun tafi-da-gidanka sai mu ara masa sunan, ko da yake yawancinsu daga ranar da aka girke su ba sa ƙara motsawa. Tun ranar 15 ga Yuni, 1976, ma'aikatar gidaje ta tarayya, wato HUD, ita ke shimfiɗa ƙa'idar ƙera su, har da ta aikin famfo, kuma wanda ya cika ƙa'ida za ka ga an manna masa ɗan jan allo na ƙarfe a bango ta waje.

Ko kun san cewa irin wannan gida yana da tumbi? Haka masu gyara ke kiran wurin. Bututun ruwan sha, na ƙazanta, da na iskar ɗumama ɗaki duk a ƙarƙashin daɓen katako suke bi, an lulluɓe su da audugar gilashi saboda sanyi, an shafe ƙasan da wani baƙin ƙyalle mai kama da buhun leda. Tsakanin tumbin da ƙasa akwai ɗan sarari da mutum ba ya shiga sai da rarrafe. Kusan duk labarin wari a gidan nan, ko ya fara a wannan wuri ko ya bi ta cikinsa.

Shin ko kun san cewa abin da ya raba hancinku da iskar masai bai wuce ruwa cikin kofin shayi ba? Ku leƙa ƙarƙashin kwamin wanke-wanke, za ku ga bututun ya sauko, ya lanƙwashe kamar ƙugiya, sannan ya miƙe ya shige bango ko daɓe. Da gangan aka yi lanƙwasar. Duk ruwan da aka zuba, na ƙarshensa yakan tsaya a cikinta, zurfin inci 2 zuwa 4, ya zama marfi. Ƙazanta tana wucewa ta cikinsa, iska kuwa ba ta iya ratso shi ta dawo. Kwamin wanka yana da tasa lanƙwasar, injin wanki ma haka, shi kuma masai na zama a jikinsa aka ƙera tasa, ruwan nan da kuke gani kwance a ciki shi ne marfin. Da zarar ruwan ya tafi, ƙofa ta buɗe tun daga ramin masai har gefen gadonku.

Kun san kuwa mai gyaran agogo ne ya fito da dabarar? Alexander Cumming, ɗan Sikotlan mazaunin Landan, shi ya yi mata rajista a 1775. Tasa lanƙwasar biyu ce, kamar harafin S. Yau ƙa'idojin gini a Amurka sun hana irinta a ƙarƙashin kwami, don takan zuƙe ruwanta da kanta idan an saki ruwa da yawa lokaci guda.

Shin ko kun san cewa ban-ɗakin da ya fi kowane tsabta a gida shi ya fi saurin yin wari? Wanda ba a shiga nake nufi. Ruwan lanƙwasa yana ƙafewa a hankali, idan babu mai zuba sabo, cikin 'yan makonni ko watanni ya ƙare, gwargwadon zafi da bushewar wuri. Tsofaffin Amurka da ke gudun sanyin arewa su je su yi hunturu a gidajen tirela a Arizona sun san wannan sarai. Idan bazara ta yi za su kulle gida su koma, sai su shafe bakin masai da leda, su ɗiga ɗan mai a magudana, don kada su dawo su tarar gida ya cika da ɗoyi. Irin man da ake shafa wa jarirai ake sawa, cokali ɗaya ko biyu. Yana kwanciya a saman ruwan ya hana shi tashi. Man girki kam ba ya yi, lalacewa yake ya ƙara nasa warin.

Wannan ba sai an je Arizona ba. Wata shekara cikin hunturu ban-ɗakin ɗakin baƙina ya tayar da wari, uwargida ta ƙarar da turaren wuta, ni kuma na riga na fara lissafin kuɗin yasar sokawe. Mai gyaran famfo ya zo, ya tsuguna, ya kai hanci bakin ramin da ruwan wanka ke fita, ya ɗago ya ce, “Alhaji, a ba ni buta.” Ya tsiyaye ta a ramin, ya buɗe taga, ya ce mu jira. Kafin ya gama shan ruwan da aka kawo masa wari ya ɗauke. Na biya kuɗin aiki ina dariya ina jin haushi.

Ko kun san cewa busasshiyar lanƙwasa ta taɓa yaɗa annoba? Daga watan Maris na 2003, cutar SARS ta kama fiye da mutum 300 a rukunin benayen Amoy Gardens na Hong Kong, mutum 42 suka rasu. Masu bincike suka gano cewa lanƙwasar magudanun daɓen ban-ɗakuna da yawa ta bushe, saboda mazauna sun fi goge daɓe da tsumma a kan su kwara masa ruwa. Idan mutum ya rufe ƙofa ya kunna fankar zuƙe iska, sai fankar ta jawo ƙananan ɗigon ƙazanta daga bututun da benen duka ke tarayya a kai.

Gashi ma yana shanye ruwan lanƙwasa. Idan silin gashi ko zaren tsumma ya maƙale, rabi a cikin lanƙwasa rabi ya rataya ta gaba, sai ya riƙa jan ruwan kamar lagwani.

Shin ko kun san cewa bututun ƙazanta yana numfashi? Ruwa idan ya gangara cikin bututu yakan ja iska a bayansa. In babu inda iskar za ta shigo, sai ya zuƙo ta ta wuri mafi sauƙi, wato ta lanƙwasar da ke kusa, ya tafi da ruwanta. Shi ya sa ake fitar da bututu ɗaya ko biyu ta saman rufi, irin wanda muke kafa wa sokawe. Tsuntsu yakan yi sheƙa a bakinsa, ganye yakan cika shi, a jihohi masu tsananin sanyi irin su Minnesota kuma tururin da ke fita shi ke daskarewa a baki har ya rufe shi ruf. Alamarsa kunne ke ji kafin hanci: a kora ruwa a masai, sai a ji kwamin wanka yana ƙululu-ƙululu kamar mai kuskure baki. Duk gidan da aka ji wannan ƙara, a nemi tsani kafin a nemi mai haƙa.

Ga wanda ya fi yi wa mutane wasa da hankali. Shin ko kun san cewa a gidajen tirela da yawa akwai bututun numfashin da bai fita waje ba, a cikin kabad ɗin kicin ya tsaya? Masu ƙera gidan ba sa son huda rufi a wurare da yawa, sai su ɗaura wa bututun wani ɗan baƙin kai na roba, bai fi ƙaramin gwangwanin tumatir ba. A cikinsa akwai faifan roba da ɗan sifirin. Idan ruwa ya gangara, faifan ya buɗe iska ta shiga. Ruwa ya wuce, ya koma ya rufe. Aikinsa ke nan, sau dubbai, a cikin duhu, bayan tulin sabulu da soso. Shekaru na tafiya roba na tsufa, ta taurare ko ta tsage, sai ta daina rufewa. Daga nan iskar masai ta samu hanya har cikin kabad. Mai gida ya buɗe kabad ya ji ɗoyi, ya ce ɓera ne ya mutu, a fitar da kaya a wanke, gobe wari ya dawo. Gwajinsa ba wuya: a rufa masa leda a ɗaure da roba na kwana ɗaya, kada a yi ta sakin ruwa a kwamin. In wari ya lafa, an kama ɓarawo. Da hannu ake kwance shi kamar murfin kwalba, a murɗa sabo, kuma kuɗinsa bai kai na kiran mai gyara ba. Masu gyara da yawa sukan sauya shi da ƙirar Studor, mai asali daga Suwidin, wadda nauyin faifanta ke rufe ta ba sifirin ba. A ganina duk wanda ya sayi tsohon gidan tirela, ranar da ya tare ya kamata ya bi kabad-kabad ya sauya su gaba ɗaya, ya huta.

Ko kun san cewa a kan kaki masan Amurka ke zaune? Nasu ta ƙasa yake fitar da ƙazanta, ta cikin daɓe, kuma tsakaninsa da bakin bututu akwai zoben kaki mai laushi da nauyin masan ke dannewa ya toshe ko'ina. Kaki ba ya dawowa idan ya lotsa. Masai ya yi girgiɗi sau ɗaya, zobe ya buɗe. To daɓen tsofaffin gidajen tirela da garin katako da aka matse da gam aka yi shi, shi kuwa da ya sha ruwa sai ya kumbura ya rube kamar biskit a shayi. Ɗan yoyo yana jiƙa daɓe, daɓe yana laushi, masai yana ƙara girgiɗi, yoyo yana ƙaruwa. Gidajen da aka ƙera tsakanin 1978 da 1995 suna da ƙarin matsala: da yawa an saka musu wani bututun ruwan sha na roba mai launin toka da ya yi ƙaurin suna wajen tsagewa, shi ma yana jiƙa daɓen ta ƙasa. Mai gyara yakan dafa masai da gwiwa ya ɗan tura, ya kuma taka daɓen gefensa da dunduniya. In ya motsa ko daɓen ya lotsa, ba sai an ƙara tambaya ba.

Shin ko kun san gida yana iya karkacewa har ruwa ya ƙi gangara? Bututun ƙazanta yana buƙatar gangare na kusan santimita 2 a kowace mita. Gidan da ke zaune a kan bulo kuwa, ƙasa tana iya nutsewa ta gefe ɗaya bayan damina ko bayan ƙanƙara ta narke. Bututu ya yi ciki, ƙazanta ta kwanta a tsakiya, ko mahaɗa ta ɓalle. Ƙofar da ta fara cijewa da tagar da ta ƙi rufuwa su ne shaidu na farko.

Kun san kuwa wari yana iya shigowa ta na'urar ɗumama ɗaki? A gida mai faɗi biyu, wanda aka jawo rabi-rabi aka haɗe a fili, akwai wani ƙaton bututu mai laushi da ke kai iska mai ɗumi daga wannan rabi zuwa wancan, kuma ta ƙarƙashin tumbi yake bi. Kyanwa da ɓera da sauran ƙananan namun daji suna son ɗuminsa, sukan yage shi. Na'ura na hura iskar gida tana zubewa a ƙasa, gidan kuma sai ya rama ta hanyar zuƙo iska daga duk kafar da ya samu, har da ta ƙarƙashin daɓe. In akwai bututun da ya ɓalle a can, ko murfin wurin zura sandar yasa ya faɗi, warin zai bi ɗaki-ɗaki. Wanda ya lura cewa wari yana tashi ne kawai idan na'ura ta kama aiki, ya ɗauki tocila ya cire falle ɗaya na siket. Abin dubawa shi ne tumbin da ya yi ƙasa kamar an cika shi da ruwa, ƙasa mai danshi a lokacin da ba a yi ruwa ba, da guntun takardar masai. Wani lokaci ma babu ruwan bututu a ciki: mushe ne, ko ɗan'uwan bodarin nan namu da ke Amurka ya mai da wurin gida.

Shin ko kun san cewa hanci yana yaudara daidai lokacin da aka fi buƙatarsa? Warin baragurbin da ke cikin iskar masai na wata iska ce mai suna haidirojin salfaid. Hancin ɗan Adam yana jin ta ko da ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan na iska ba. Amma idan ta kai kashi 100 zuwa 150 cikin miliyan, sai ta kashe jijiyar shaƙa, mutum ya daina jin komai ya ɗauka ta wuce. Daga 700 zuwa 1,000, numfashi ɗaya ko biyu ya isa ya kayar da ƙato. A cikin ɗaki da wuya ta kai haka, galibi ciwon kai ne da tashin zuciya da raɗaɗin ido. A ramin masai take taruwa, don ta fi iska nauyi, kuma abin da ke faruwa a can iri ɗaya ne da wanda muke ji a nan: mutum ya shiga rami ya faɗi, ɗan'uwansa ya bi shi ceto shi ma ya faɗi. Abokiyar tafiyarta, misen, ba ta da wari ko kaɗan, amma idan ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar wuri, ashana ɗaya ta isa.

Ko kun san cewa ba kowane warin baragurbi ne na masai ba? Gidajen tirela da yawa da gas suke girki da ɗumama ɗaki, gas kuwa asalinsa ba shi da wari, da gangan ake zuba masa sinadari mai ɗoyi. Dalilin yana da ban tausayi. Ranar 18 ga Maris, 1937, gas da ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a garin New London na jihar Texas ya fashe, ya kashe kusan mutum 300, yawancinsu yara, babu wanda ya ji warin komai kafin nan. Bayan haka jihar ta kafa dokar sa wa gas wari, sauran wurare suka bi. Saboda haka idan warin ya fi ƙarfi kusa da murhu, ko ana jin huci, kada a taɓa makunnin lantarki, a fita waje tukuna.

Shin ko kun san cewa kofi ɗaya yana raba gardama tsakanin ruwa da magudana? A tari ruwa a famfo, a tafi da kofin wani ɗaki a shinshina. In babu wari, laifin magudana ne, ruwan da ya zuba ne ya taso da iskarta. In akwai, a sake gwadawa da ruwan sanyi daban, na zafi daban. Wari a na zafi kaɗai yana nuna tankin dafa ruwa: a cikinsa akwai sandar magnisiyam da aka saka don tsatsa ta ci ta a maimakon tankin, kuma a wasu ruwaye, musamman na rijiya, ita da wasu ƙwayoyin halitta suna haɗuwa su samar da iskar baragurbi. Sauya sandar da ta alminiyam da zin yakan magance shi.

Ɗan ramin nan da ke saman kwamin wanke fuska, wanda ke hana ruwa ambaliya, ko kun taɓa wanke cikinsa? Sabulu da man goge baki suna yin yauƙi a ciki su yi wari kamar kwata. Ƙananan ƙudajen nan masu gashi-gashi da ke manne a bangon ban-ɗaki a irin yauƙin nan suke ƙyanƙyasa. A manna salatif a bakin magudana da dare, a bar ɗan gefe, da safe wadda ta kama ƙuda ita ce gidansu. Mai wankewa dai kada ya haɗa bilic da wani maganin wanki, haɗin yana fitar da iska mai guba.

Shi kansa ramin masai ma yana buƙatar kulawa: kusan gida ɗaya cikin biyar a Amurka ramin masansa nasa ne, bai haɗu da na gari ba, kuma hukumar kare muhalli ta ƙasar tana ba da shawarar a kwashe shi duk shekara 3 zuwa 5.

Shin ko kun san cewa da na'a-na'a ake farautar tsagar da ido bai gani ba? Yau masu gyara suna da injin da ke hura hayaƙi cikin bututu, a tsaya a ga inda zai ɓullo, ko bayan kabad ko gindin masai ko cikin tumbi. Kafin injin, har yanzu ma a wasu wurare, man na'a-na'a ake amfani da shi. A cika duk lanƙwasa da ruwa, a rufe tagogi, mutum ɗaya ya hau rufi ya tsiyaya kimanin mililita 60 na man a bututun numfashi, ya bi shi da ruwan zafi wajen lita 10, ya toshe bakin. Wani kuma, wanda bai taɓa kwalbar ba, ya riƙa bin ɗakuna yana shinshinawa. Inda ƙamshi ya fito, nan iskar masai ke fita. Sharaɗi ɗaya ne mai tsanani: wanda ya zuba man ba ya shiga gidan sai an gama, don ƙamshin da ke hannunsa da rigarsa zai cika ko'ina ya ɓata gwajin. Sai ya zauna a kan kwano da bokitinsa, ko rana ake ko sanyi, yana jiran na ciki ya ƙwala masa kira.